KAYAN SARKI A JIKIN FARAR HULA

Ran nan mun je wani ƙauye duba ajin manya. Mun isa bayan La'asar. Ɗalibai sun fi ashirin, suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan Mai-unguwa. Malami ya rubuta baƙaƙe a allo, ana biyawa. Can sai ga wani saurayi tafe a makare. Yana sanye da wando mai dabbare-dabbare, kore da baƙi da ƙasa-ƙasa, irin na soja. Da yara suka hango shi daga nesa sai suka watse. Wata yarinya mai tallan ƙosai ta sungumi farantinta ta faɗa zaure. Sai da ya matso aka ga ashe ɗan garin ne, kowa ya san uwarsa da ubansa. Aka yi ta dariya. Amma wani dattijo da ke zaune a gaba bai yi dariya ba.

Daga nan karatu bai yi nisa ba. Gardama ta tashi a kan wandon nan, har aka kira Magariba ba a gama ba. Mu kuwa ba mu hana ba, gama mun ga gardamar ita ma karatu ce.

Saurayin ne ya fara. Ya ce, "Malam, ni ban yi sata ba. Da kuɗina na saye shi, a wurin mai gwanjo, ran kasuwa. Ya fi sauran araha. Yadinsa da ƙarfi, ƙaya ba ta yaga shi. Aljihunsa shida. In na je gona da shi ba ya nuna dauɗa. Kuma ni ina son soja. Sau biyu na nemi shiga, ba a ɗauke ni ba. To, mene ne laifina?"

Maganarsa akwai gaskiya a ciki. A Amirka da Ingila farar hula suna sa irin wannan tufa, ba mai ce musu kome. Maharbansu suna sa ta su shiga daji. Samari da 'yammata suna sa ta don ado. In sun gaji da ita sai su bayar. A ɗaure ta cikin dila tare da sauran tsofaffin tufafi, a sa a jirgin ruwa. Ta haka ta ke zuwa manyan kasuwannin gwanjo, kamar ta Ƙofar Wambai a Kano, daga can kuma ta bi 'yan koli har kasuwar ƙauye. Mai gwanjo bai san abin da ke cikin dila ba sai ya kwance. Abin da ya tarar shi zai sayar.

Sai dattijon nan ya gyara zama. Ya ce, "Yaro, saurara. Ubana ya je yaƙin Bama. Ya dawo da hularsa da lambarsa. Har ya rasu suna cikin adaka. Ba ya fito da su sai ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Wata rana ina yaro na ɗauki hular na sa, na fita ƙofar gida ina fareti. Bai buge ni ba. Ya karɓa, ya karkaɗe ta, ya ce mini abokansa nawa aka binne da irinta. Tun daga ran nan ban sake taɓa ta ba. Kai kuwa ka ce araha."

Saurayi ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, ni ban yi don raini ba."

Dattijo ya ce, "Na sani, ɗana. Shi ya sa na ke yi maka magana."

Asalin kaki

Bari mu ɗan tsaya mu ga inda wannan tufa ta fito, gama da yawa cikinmu ba su sani ba.

Kalmar nan "kaki" ba Hausa ba ce, ba kuwa Turanci ba. Daga Indiya ta zo. A bakin mutanen can ma'anarta launin ƙura. Da, sojan Ingila jar riga su ke sawa. Jar riga kuwa a fili abin hange ce, maharbi ba ya kuskure ta. A shekarar 1848 wani hafsa, sunansa Lumsden, ya sa wa rundunarsa tufa mai launin ƙasa a wajen Peshawar, garin da yanzu ya ke cikin Pakistan. Aka ga dabarar ta yi kyau. Sannu a hankali sauran runduna suka ɗauka.

Dabbare-dabbaren kuwa daga baya ya zo. A 1915, cikin Yaƙin Duniya na Farko, sojan Faransa suka tara masu zane, su riƙa shafa wa igwa fenti iri-iri, don kada a gane ta daga sama. Daga igwa abin ya koma kan tufa. Watau ba don kyau aka yi zanen nan ba. An yi shi don mutum ya saje da ganye da inuwa, ya ga abokin gaba, abokin gaba bai gan shi ba.

A ƙasan nan kuwa tarihin soja da Hausawa ya fara. A 1863 wani Bature, Glover, ya tara waɗansu Hausawa ƙalilan a Ikko ya ba su bindiga. Daga gare su a ke ƙirga mafarin sojan Nijeriya. A 1897 aka kafa rundunar Afirka ta Yamma, Lugga ya shugabance ta. Shekaru da yawa da Hausa a ke ba da umurni a bariki. A 1943 da 1944 aka kwashi dubban mutanenmu zuwa Indiya da Bama, su yaƙi Japan. Waɗanda suka yi saura suka komo gida bayan an gama yaƙi a 1945. Uban dattijon nan yana cikinsu.

Har yau wanda zai sa kakin soja sai ya sha wuya tukuna. A Zariya akwai Daffo, tun 1924 a ke horar da kurata a can. Kurtu ya kan yi kamar wata shida yana gudu da tsalle da rarrafe, ga rana ga sanyi. Kāna ya yi rantsuwa, a ba shi lamba. Saboda haka in soja ya ga wani ya sayi irin tufarsa a kasuwa, ransa ya kan ɓaci. Ko ba mu yarda da abin da waɗansunsu su ke yi a kai ba, ya kamata mu gane dalilin ɓacin ran.

Tufa rubutu ce

Ku da ku ke koyon karatu, ku lura da wannan. Tun ba ku san "a" da "ba" ba, kun iya karanta tufa. In kun ga mutum da babbar riga ja da kore, kun san dogari ne. In kun ga rawani mai kunne biyu a Kano, kun san jinin sarauta ne. In kun ga alkyabba, kun san an naɗa mai ita. Ba wanda ya koya muku wannan a aji. Ido ya karanta, zuciya ta gane, jiki ya yi abin da ya kamata. A ba da hanya, ko a durƙusa, ko a gudu.

Kakin soja shi ma rubutu ne. Abin da ya ke cewa shi ne: "Gwamnati ce ta aiko ni. Ina da bindiga. In na ce tsaya, a tsaya." Shi ya sa Hausawa su ke kiransa kayan sarki. Wanda ya sa shi, ko bai buɗe baki ba, ya riga ya faɗi wannan magana. Saurayin nan bai yi nufin faɗinta ba. Amma mai ƙosai ta karanta, ta gudu.

Wani ɗalibi ya ce, "To Malam, ai ran hawan Salla talakawa suna sa sulke da lifidi da kwalkwali. Ba kayan yaƙi ba ne?" Tambaya ce mai kyau. Kayan yaƙi ne, amma na jiya. Ba wanda zai tare hanya yau da sulke ya ce shi hukuma ne. Mai kallo ya san wasa a ke yi. Kakin soja kuwa na yau ne, da shi a ke yaƙi a dajin da ke bayan garinku.

A cikin ajin akwai yaron mota. Shi ya fi kowa zafi. Ya ce ba mako da zai wuce bai ɗauki mai hular soja ko mai rigar soja ba. In an zo biyan kuɗi sai ya ɓata fuska, ya nuna hular. "Wallahi Malam, rabinsu ba su taɓa ganin ƙofar bariki ba. Amma wa zai tambaya? In ka tambaya, ya zama na gaske ne, ka sha mari. In ka yi shiru, ka yi asarar kuɗin mota." Irin waɗannan su a ke kira sojan gona. Suna karɓar bashi da ƙarfi. Suna shiga rigimar gona da ta aure, a ba su 'yan kuɗi su tsorata wani. Kama da wane ba ta wane, amma talaka a bakin hanya ba shi da halin bincike.

Wannan duk ƙaramin abu ne in an gwada da wanda za mu faɗa yanzu.

A watan Satumba 2013, 'yan Boko Haram suka sa kakin soja suka tare hanyar Maiduguri zuwa Damaturu, a wajen Benishek. Direbobi suka ga kaki suka tsaya, kamar yadda suka saba. Aka kashe mutum fiye da 100. A daren 14 ga Afrilu 2014 suka shiga makarantar 'yammata a Chibok. Waɗanda suka kuɓuta sun ce mutanen da kaki suka zo, suka ce su soja ne, sun zo ceton su. 'Yammata suka fito daga ɗakunan kwana suka taru. Aka tafi da 276. A watan Yuni na wannan shekara aka yi irin haka a ƙauyukan ƙasar Gwoza. Masu kaki suka ce wa mutane su taru a fili, sun zo tsaronsu. Da suka taru aka buɗe musu wuta. A ranar 17 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga masu kakin soja suka shiga makarantar kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, suka kwashi ɗalibai da malamai.

Ku duba, a Benishek da Chibok da Gwoza ba bindiga ce ta tsai da mutane ba tun da fari. Tufa ce. Mutane sun karanta ta daidai, amma rubutun na ƙarya ne. Kura ce da fatar akuya.

Sa'ad da muka faɗi wannan, aji ya yi tsit. Sai saurayin ya ce a hankali, "Malam, ai ba wandona ya yi wannan ba." Gaskiya ne. Ba mu ce shi ne ba. Miyagun nan suna samun kaki ta hanyoyinsu, wani a wurin yaƙi, wani a hannun maciya amana. Ko an ƙone gwanjon duniya duka ba za su rasa ba. Amma ga inda wandon ya shiga maganar. In kowane saurayi a gari yana yawo da dabbare-dabbare, ido zai saba. Ran da baƙi biyar suka sauka a kasuwa da irinsa, ba wanda zai ɗaga kai, ba wanda zai gaya wa Dagaci. In kuwa ba mai sawa a garin, yaro ma zai lura. Haka kuma tela. In ya saba ɗinka wa kowa, ba zai tambayi baƙon da ya kawo yadi ya ce a yi masa goma ba.

Akwai kuma hatsari a kan mai wandon kansa. In 'yan bindiga suka shigo gari da dare, wa za su fara nema? Wanda suka zaci soja ne. In soja suka biyo sawunsu da asuba, suka ga mutum da kaki yana gudu a cikin dawa, ba nasu ba ne, me za su zata? Ta ko'ina shi ne a tsakiya. Malamar ajin mata ta gaya mana abin da wata uwa ta ce da aka kai musu labarin. Ta ce, "Ni in ɗana ya shigo mini da shi, murhu zan sa."

Abin da doka ta ce

Da yawa suna cewa, "An hana," amma ba su san abin da aka rubuta ba. Amfanin karatu ke nan, mutum ya san iyakar laifinsa.

A Arewa an fara aiki da dokar Final Kod a 1960. Ta hana mutum ya sa tufa ko alamar ma'aikacin hukuma don a zaci shi ma'aikacin ne. A littafin dokokin laifi na Kudu, sashi na 110 ya fi fitowa fili. Ya ce wanda ba soja ba, in ya sa tufar soja, ko wani yanki nata, ko mai kama da ita, ba da izini ba, ya yi laifi. Hukuncinsa ɗaurin wata ɗaya ko tarar naira 10. Ya ware masu wasan kwaikwayo, su ba laifi. Kada ku yi dariyar naira 10. Tsohuwar doka ce, tun zamanin fam. Sa'ad da naira ta zo a 1973, fam ɗaya naira 2 ne, watau fam 5 ke nan, kuɗi mai yawa a wancan zamani. Fatake masu zuwa Kumasi da Ankara su sani, a Gana ma akwai dokar da ta hana tun 1967.

To, ku lura da abin da dokar ba ta ce ba. Ba ta ce a yi wa mutum tsirara a kasuwa ba. Ba ta ce a sa shi tsallen kwaɗo ko birgima a cikin taɓo ba. Ba ta ce a buge shi da bel ba. Hukunci na alƙali ne, a kotu. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu.

A watan Fabrairu 2017, a Anaca cikin Jihar Anambra, soja biyu suka ga wani gurgu a kan kekensa da tufa mai dabbare-dabbare. Suka jawo shi ƙasa, suka yi masa dūka a gaban jama'a. Wani ya ɗauki hoton abin da waya, duniya ta gani. Hukumar soja ba ta goyi bayansu ba. Aka rage musu girma daga kofur zuwa farabiti, aka ɗaure su kwana 21. Mun kawo wannan don ku san hukumar soja da kanta ta ce dūkan nan ba daidai ba ne. Amma kada wani ya ce saboda haka zai sa kaki ya je shingen soja ya karanta musu doka. Gurgun nan an bi masa hakki don an ɗauki hoto. A hanyar ƙauyenku da dare ba mai ɗauka.

Ra'ayinmu dai shi ne farar hula ya bar wa soja tufarsa. Ba don soja ya fi shi daraja ba. Manomin da ya ciyad da sojan ba ƙaramin mutum ba ne. Sai don alamar ta zauna da ma'anarta.

Wanda ya fi ba mu wuya a gardamar nan wani ɗan banga ne. Ya ce, "Malam, mu ne mu ke kwana a bakin daji kuna barci. Farar riga za mu sa, a hango mu? Kuma ɓarayin shanu in sun ga kaki su kan ja da baya." Ba mu da bakin raina wannan magana. Mutum ne da ya sa ransa don garinsu. Abin da muka ce masa shi ne su sami tufa tasu dabam, mai duhu, launi ɗaya, wadda Hakimi da 'yan sanda da shugaban sojan yankin suka sani. Haka aka yi a Maiduguri bayan 'yan kato-da-gora sun tashi a 2013, Gwamnatin Barno ta yi wa waɗansunsu tufa tasu. Bai gamsu sarai ba. Ya ce wa zai biya kuɗin ɗinki? Wannan kuwa ba mu da amsarsa ran nan, sai muka ce a kai maganar gaban Dagaci.

Kada kuma a ɗauka kowane kaki haramun ne. Yadin kaki launi ɗaya, ba zane, ba lamba, kowa na iya sawa. 'Yan makaranta suna sawa. Masu yi wa ƙasa hidima suna sawa tun da aka kafa shirin a 1973. 'Yan agaji suna da nasu, kowa ya san su a masallacin Idi. Abin gudu shi ne dabbare-dabbare, da hular soja, da bel, da lambobi. Wani ya tambaya game da kayan Salla na yara, irin masu ɗan kaki da 'yar hula. Yaro ɗan shekara huɗu ba zai ruɗi kowa ba. Amma mu da za a bi tamu, da an saya masa 'yar shadda.

Tun da muna maganar lambobi, ga kaɗan ku riƙe. Igiya ɗaya a hannu, las kofur. Igiya biyu, kofur. Igiya uku, saje. Hafsoshi a kafaɗa nasu ya ke. Anini uku, kyaftin. Mikiya, manjo. A ƙirji kuma a kan rubuta sunan mai rigar. Ku da kuka fara haɗa baƙaƙe, in soja ya tsai da ku, ku karanta sunan a zuci, ku riƙe. In ya yi muku alheri kun san wanda za ku gode wa. In ya cuce ku kun san sunan da za ku kai wa Hakimi. Amma kada suna ya sa ku saki jiki. Sojan gona ma ya san hanyar gidan tela.

Bayan mako uku muka koma ƙauyen. Saurayin yana nan a sahun gaba, ya kai ga rubuta sunansa da na ubansa. Muka tambaye shi wando. Ya ce uwarsa ta so ta ƙone, shi kuwa ya ji zafin kuɗinsa. Sai dattijon nan ya ba shi shawara ya kai marina. Marini ya murza yadin ya ce an yi sa'a, auduga ce, za ta ci baba, da mai roba ce da ba ta ci ba. Sau uku aka tsoma shi. Ya fito baƙi ƙirin, sai in an ɗaga shi a rana a ke ganin ɗan alamar zanen. Aljihun nan shida suna nan. A ɗaya ya ke sa fensirinsa.

Aiki

Ku rubuta waɗannan a allo: kaki, soja, kurtu, igiya, anini, gwanjo, marina.

Ku karanta wannan da ƙarfi, kāna ku kwafa: Baƙi biyar sun sauka a kasuwa. Sun sa kaki. Mun gaya wa Dagaci.

Ku yi shawara a tsakaninku: in 'yan bangan garinku za su yi tufa tasu, wane launi ya dace, kuma ta wace hanya za a tara kuɗin ɗinki? Wanda ya iya, ya rubuta amsar ajin a takarda, ya ba Malami ya kawo mana.